Ranar da Baliz Ta Yi Shiru

Har yau in wani ya ce mini, "Ku matuƙan jirgi ai kun huta," sai in ji kamar in kwaɗa masa hulata. Mun huta a ina? Wanda bai taɓa kewaya saman gonar ubansa ya kasa sauka ba, ya yi mini shiru.

A shekarar da tsuntsayen jan baki suka sauka ƙasar Kurfey, ina tuƙa wani ƙaramin jirgin feshi, tsoho tukuf. Baba yana Filingue, gonarsa a kwari, jikin ƙayoyin da tsuntsayen ke kwana. Hatsi ya kusa isa tumu. Baba ya kakkafa sanduna, ya ja igiyoyi daga wannan kai zuwa wancan, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Tun hudowar rana yana bisa rumfa yana jan igiya yana kuwwa, har muryarsa ta dushe.

Da aka ba ni umurnin zuwa, muna can gabas muna wani aiki. Na ɗauki waya na kira shi.

"Baba, gobe ina nan tahe. Ku kwance igiyoyin nan, ku tuge sandunan, don ƙasa-ƙasa zan bi. A kauda bisashe, kowa shi bar kwarin."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ko in Allah ya so ban ce ba. Baba ya kwance aikin mako guda cikin yini ɗaya, ya kuma bi maƙwabta gona-gona yana cewa su kwance nasu, ɗansa na zuwa.

Aka kwana ana ruwa. Da safe girgije ya kwanta ƙasa, ya rufe ko'ina. Filin sauka na Filingue jar ƙasa ce kawai, babu wata na'ura. Don haka a irin wannan rana dabararmu ɗaya ce. Mukan nufi babban filin jirgin Yamai, inda akwai baliz, wata na'urar rediyo da ke ƙasa, wadda allurar cikin jirgi ke bi. Da ita kake saukowa mataki-mataki ba ka ganin komi, har ka fito ƙarƙashin girgije. Daga nan sai ka kama gudiro, wato kwaltar Baleyara, ka bi ta yadda taksi ke bi har gida.

Na karɓi takardar safiya, na karanta, na sake karantawa. An kashe baliz, ana gyaranta, sai bayan kwana uku. Manyan jirage ko a jikinsu, suna da akwatin da ke saukar da su ta hanyar tauraron ɗan Adam. Namu ba shi da shi. Na rubuta neman akwatin nan ya fi a ƙirga, kullum amsar ita ce ana dubawa. Ana dubawa, sai ka ce watan azumi.

Na ce to, bari mu tafi kai tsaye ta saman girgije, ko Allah zai ba mu kafa. Makanikena yana gefena, wani dattijo mutumin Damana, wanda ya fara taɓa inji tun ina ɗan makarantar lakkwal. Sama rana tas, ƙasa fari fat har iyakar gani. Ko kafar allura babu.

Da lissafi ya nuna mun iso, na fara saukowa cikin girgijen. A kan taswira akwai tsayin da ba a wucewa in ba ka ganin ƙasa, saboda duwatsun da ke bakin kwari da dogayen ƙarafunan kamfanonin waya. Na kai wannan tsayi na tsaya. Waje kamar an dulmiya mu cikin ƙwaryar nono.

Dattijon ya miƙo mini wayarsa, taswira a buɗe.

"Kwamanda, dubi ɗigon ga. Ga mu bisa kasuwa. Mi kake jira?"

"Malam, wayarka ta san inda muke. Ba ta san abin da ke tsaye gabanmu ba."

"Kai da aka haifa nan? Wane dutse ne ba ka hau ba?"

"Na hau su da ƙafa ina kallonsu."

Na kewaya, na sake dawowa. Fari. Na sake. A zagaye na uku ya rage murya ya ce in ƙara sauka ƙafa ɗari biyu kawai, ba wanda zai sani. Ba zan yi ƙarya ba, hannuna ya tura kan jirgin ƙasa. Allurar tsayi ta ɗan gota layin, ina kallonta, zuciyata tana cewa ƙara kaɗan, ai gida ne. Wallahi na so. Sai na tuna dattijon nan yana da 'ya'ya bakwai, kuma ba gonarsa ba ce. Na ba inji wuta, muka hau. Mai ya fara ja baya, muka juya gabas. Muka sauka inda muka taso, haushi ya cika ni.

Na kira Baba na ce gobe. Saboda wannan gobe bai mayar da igiyoyinsa ba. Gobe ta zo da girgijenta, baliz tana nan a kashe. Na sake cewa gobe. A rana ta uku gari ya waye tas, sai ga umurni, an tura jirgin arewa inda fara ta ɓarke. Na yi faɗa, na buga tebur, aka ce da ni aikin ƙasa ya fi gonar mutum ɗaya. Gaskiya ne, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona mini rai.

Bayan mako na shiga taksi daga Yamai. Direban ya gane ni. Tun daga Baleyara yake yi mini tsiya, wai su ko cikin ruwa da laka suna kai mutum ƙofar gidansa, amma mai fukafuki ya zo ya yi wa gari gurnani ya koma. Fasinjoji suna dariya. Na daure na yi dariyar nan da su.

Na tarar da Baba a gona. Ya mayar da igiyoyin, amma babu sauran abin da za a tsare. Zangarniyoyi a tsaye, fayau, an tsince su. Abin da ya rage ba zai yi dami goma ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da dusasshiyar murya. Na fara bayanin baliz da taswira da duwatsu, ya bar ni har na gaji.

"Mun jiya ka," in ji shi. "Sau ukku. Duk mun fito bakin hanya, har da waɗanda na sa suka kwance nasu."

Na sunkuyar da kai.

"Ka san muna ƙasa?"

"Na sani, Baba."

"Nisa nawa ne tsakaninmu da kai?"

Na duba ko'ina ina neman abin da zan gwada masa. Na nuna rijiyar da ke can bayan gonar maƙwabci.

"Kamar daga nan zuwa rijiyar can."

Ya daɗe yana kallon rijiyar. Sannan ya murje wata zangarniya a tafin hannunsa, ya hura, ƙaiƙayi ya tashi, ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba.

"Ashe kusa ne," in ji shi.