Sirdi da Gishiri

Babur ɗin ya girme ni. Na surukina ne, Allah ya jiƙansa, da shi ya yi yawon sayen goro tun kafin a haifi maigidana. Da aka kawo ni Abijan daga ƙauyenmu, a tsakar gidan hayarmu na unguwar Adjamé Liberté na same shi, jingine da bango, matan gidan suna shanya tsumma a kansa. Babu mai jin Hausa a cikin matan nan. Da safe su ce mini bonjur, in ce bonjur, shi ke nan hirarmu ta ƙare sai gobe.

Mutum ɗaya gare ni a duk garin, Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana Treichville, ƙetaren ruwa. Ciwon gwiwa ya hana ta yawo, ni kuma tsoro ya hana ni. Ba maigida ya hana ni fita ba. Ni ce dai in na leƙa titi na ga motoci, na ji ana ta ihu da yaren da ban sani ba, sai in ga kamar da na taka za a raba ni da 'yata, ko in ɓace a rasa wanda zai ce ya san ni.

Sau ɗaya maigida ya gwada kai ni wurin Yaya a babur bayan na haihu. Aiki aka yi mini wajen haihuwar, wurin bai gama warkewa ba. Kujerar babur ɗin gajera ce, soson cikinta ya mutu, sai ƙarfe. Duk ramin da muka faɗa a cikina nake jinsa. Ga salansa tana lasar ƙafata, ga yarinya a baya tana tsala kuka. Ko mararrabar Indénié da ke nan kusa ba mu kai ba na ce ya mai da ni gida.

Daga nan ya ɗauki aniyar gyara shi don ni. Ya kai shi wurin wani bakanike ɗan ƙabilar Jula a bayan layinmu. Irin babur ɗin an daina kawo kayansa tuntuni, sai dai a bi kasuwar tsoffin ƙarafa ana tono. Wata rana ya dawo da sifirin na baya, wata rana da matakin ƙafa na wani babur daban wanda aka yanke aka liƙa. An ƙera wa salansar murfi da gwangwani mai huji-huji. Ana cikin haka aikinsa ya taso, ya bi kayan ubangidansa Lome, tafiyar da aka ce ta 'yan kwanaki ce ta yi ta tsawo.

A tsakanin nan Yaya ta kira ni ta ce za su koma gida gaba ɗaya kafin azumi.

"Auta, ba za ki kawo mini 'yata in gani ba? Tun ranar suna rabona da ita."

Na ce sai an gama babur. Ta ce to Allah ya sa.

Maigida a Abijan aka haife shi. Hausarsa tana tafiya, ta yi tuntuɓe, Faransanci ya tallafe ta. Ya kira ni da hantsi, bayansa duk hayaniyar tasha, ya ce, "Mekanisiye ya ce saura abu ɗaya. Ki kai masa sel ɗin da ke ɗaki."

Sel kam na san shi. Kalmomin da na koya duk na kanti ne, kuma sel shi ne na farko: gishiri. Na yi mamaki, amma na ce ƙila tsatsa suke ci da shi, ko kuwa al'adar maƙeran nan ce, tunda a garinmu ma akan ba da sadakar gishiri. Na ƙulle rabin wanda nake da shi a leda, na goya yarinya, na fita ina karanto addu'a.

Bakaniken ya kwance ledar, ya duba, ya dube ni. Ya ɗanɗana ma. Sai ya zauna a kan taya yana dariya har da hawaye. Na tsaya ina neman hanyar gudu. Wani dattijo mai gasa nama a gefen garejin ya taso yana goge hannu.

"'Yata, Bahaushiya ce ke?"

Rabona da jin Hausa daga bakin da ba na waya ba har na manta. Na ce, "Eh, Baba."

Ya yi magana da bakaniken, shi ma ya murmusa, amma ya daka wa bakaniken tsawa har ya daina dariya. Dattijon ya ce mini, "Ba laifinki ba ne. Mutanen nan da gishiri da abin zama duk suna ɗaya suke kiransu. Sirdi ake nufi. Mijin naki ɗan ina ne da bai san sirdi ba?"

Sirdin yana ƙarƙashin gadonmu, ni nake share gefensa kullum. Na koma na ɗauko. Nan kuma aka ce ba a Adjamé za a yi shi ba. Akwai wani baduku a Treichville, shi kaɗai ke ƙara wa irin wannan tsawo, ya sa sabon soso, ya ɗinke da fata. Bakanike ya ce sai ya sami sarari zai kai, ko a jira maigida.

Treichville. Unguwar Yaya ke nan. Na kira maigida na ce ni zan kai.

"Ke? Za ki iya?"

"Ban sani ba. Kuma sunansa sirdi."

Dattijon ne ya sa ni a woro-woro, motar haya da ake cika ta da mutane, ya gaya wa direba inda zai sauke ni. Na kwance goyo na rungume 'yata, sirdi a kan ƙafafuna. Da muka hau gada na rufe ido, sai na ji yarinya ta yi tsit. Na buɗe, na tarar ruwa take kallo. Ni ma na kalla. Akwai wani mutum shi kaɗai a kwalekwale, ko ɗaga kai bai yi ba.

Badukun bai yi yawan magana ba. Ya sa na zauna a benci, ya gwada faɗin zamana da igiya daga nesa, ya nuna bayana, ya ƙara tafin hannu ɗaya saboda goyo. Daga rumfarsa na kira Yaya. Ashe layi kaɗan ne tsakani. Na hango ta tafe tana jan ƙafa, mayafinta a karkace.

"Ina babur ɗin?"

Na nuna mata sirdi. Na ba ta labarin gishiri, ta yi dariya har ta dafa bango, daga nan dariyar ta koma kuka. Ta karɓi yarinya tana shinshina wuyanta. Ɗakinta duk an ɗaure kaya a buhuna, a kan buhu muka ci tuwo. Da la'asar ta raka ni har bakin mota.

Ba ta ga babur ɗin ba. Sun tafi kafin maigida ya dawo.

Sirdin ya yi kyau, baƙi, dogo, mai taushi. Maigida ya zaga da mu a kai, ko ɗaya ban ji ramin hanya ba. Ya tambaye ni ina zai kai ni, na rasa wurin da zan ce.

Yanzu in ya yi tafiya, babur ɗin yana nan jingine da bango. Na hana a shanya tsumma a kansa. Da yamma nakan ɗora 'yata a gaba, in zauna a wurin da aka auna don ni, ta kama kan babur tana ƙara da baki, matan gidan suna wucewa da bokitansu.