Bas Ɗin Auta Mai Fenti

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin bayan kasuwa ya san Mai Fenti. Shi ne gajeren nan da ba a gane ko furfura ce a gemunsa ko feshin farar mota. Tun yana saurayi ya shiga sana'ar, kuma ta bar masa wani hali da matarsa ta gaji da yi masa tsiya a kai: bai san cikin mota ba. Ka bar masa mota yini guda, zai gaya maka inda aka taɓa buge ta da irin ha'incin da mai gyaran ya yi, amma ka tambaye shi launin kujerunta sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Aikinsa daga waje yake farawa, a waje yake ƙarewa.

A gida kuwa Auta ne. Haka Inna take kiransa, duk da cewa 'yarsa ta fari ta kusa gama sakandare.

Inna ce damuwarsa. Tun ranar da ciwo ya kayar da Baba aka ɗauke shi a motar asibiti, ya cika a hanya tana zaune kusa da shi, ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, tana nan daga ɗaki sai tsakar gida. Ƙafafunta suka fara kumbura, hirarta ta ragu. Likita ya ce magani ba zai yi komai ba in ba ta fita ta sha iska ta ga mutane ba. An yi lallashi, an yi fushi, an haɗa ta da jikoki. Ranar da naci ya ishe ta sai ta ce, "To Auta, ran da ka sayi motar da za ta kwashe mu duka, har da tabarmata da butata, zan bi ku bakin tafkin nan da kuke damuna da shi."

Ta faɗa ne don a ƙyale ta, ta san ɗanta babur gare shi. Shi kuwa ya riƙe maganar gam.

Da hali ya samu, wani dillali ya kawo masa ƙaramar bas shuɗiya, wadda a cewarsa biredi take ɗauka a da, shi ya sa babu kujeru a bayanta. Makaniken garejin ya saurari injin ya ce lafiya lau. Mai Fenti ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta, ransa a ɓace saboda munin fentin. "Wanda ya yi wannan aikin da tsintsiya ya yi shi," in ji shi. Amma ya saya. Da ya shigo da ita layinsu yara suka yi ta tsalle, wannan na maganar ƙwallo, wancan na maganar fatsa, babbar 'yarsa tana lissafin inda za a kafa tanti. Inna ta ɗaga labule ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe da gaske kake. To, na yi alkawari."

Washegari ya kai ta gareji ya fara kankare shuɗin fentin. Ƙarƙashinsa sai ga fari. Ya ci gaba da gogewa, sai jajayen haruffa suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, har sunan asibitin unguwarsu ya fito. Ya dakata da gogewar. Ya ce wa kansa ai asibiti ba mota ɗaya gare shi ba. Ya zaga baya, ya sa ƙarfe ya ɓamɓare abin da aka cike ƙofar hagu da shi, sai ga wata lotsewa mai faɗin tafin hannu.

Ya san ta. Ranar da aka ɗauki Baba shi yana biye a baya a kan babur, jiniya na kuka, cunkoso ya hana motsi, kuma wannan lotsewar ya zuba wa ido tun daga gida har ƙofar asibiti. Mai fenti yakan manta fuskar mutum, ba ya manta lotsewar mota. Ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna.

Ya kira dillalin. Mutumin ya yi dariya ya ce wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, tsohuwar mota kowacce da tarihinta, ciniki kuma ya riga ya faɗa.

Matarsa kaɗai ya gaya wa, tana tsaye tana shanya.

"Ka gaya mata," ta ce.

"In na gaya mata ba za ta shiga ba. Kuma ba za ta ƙara yarda da wata motar ba, kin san halinta. Shi ke nan, ta koma ɗaki har abada."

"In kuma ta gane da kanta fa? Baban yara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ba za ta gane ba. Fenti sana'ata ce."

"Sana'arka ce, amma ita uwarka ce. Kar garin neman gira ka rasa ido."

Bai saurare ta ba, kuma a gaskiya tsoro ne ya toshe masa kunne. Ya yi wa motar nan aikin da bai taɓa yi wa ta wani mai kuɗi ba. Ya kankare ta har ƙarfe, ya buge lotsewar daga ciki har ta koma sumul, ya fesa mata kore mai sheƙi. Mai kujerun mota ya zo ya kafa kujeru, Mai Fenti ya leƙa daga ƙofa ya ce sun yi kyau, ya koma kan goge madubi. Abokan aiki suka yi ta zolayarsa, wai ko amarya zai ɗauko.

Ranar Asabar da safe aka fara lodi. Tanti da tabarmi a sama, kulolin abinci a baya, ƙwallo na yawo tsakanin ƙafafu. Shi dai yana ta goge gilashin da ba shi da datti. Can sai ga Inna ta fito, sanda a hannu ɗaya, buta a ɗayan. Ta tsaya a bakin ƙofar gida kamar mai shirin tsallake rafi. Yara suka ba ta hanya. Ta yi bisimilla ta sauko.

Ta dubi motar daga gaba har baya. Shi kuma yana duban fuskarta.

"Ka iya aiki, Auta," ta ce. "Allah ya sa albarka."

Ya saki numfashi. Ya buɗe mata ƙofar gaba da sauri, amma ta ƙi, ta ce matakin ya yi mata tsawo, kuma ita cikin jikokinta za ta zauna. Matarsa ta kama ta ta shiga baya. Ya zaga ya tayar da mota, idonsa a madubi. Inna ta gyara zama, ta jingina kanta da kujera irin na mai huce gajiya, idonta ya sauka a rufin motar. A nan ya tsaya.

"Lah, ga ma wurin rataye jaka!" in ji babbar 'yar, ta miƙa hannu sama.

"Kar ki taɓa."

Muryar Inna ba ta da ƙarfi, amma yarinyar ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Mai Fenti ya waiwaya ya ɗaga kai, karo na farko tun da ya sayi motar. Wata 'yar ƙugiyar ƙarfe ce maƙale a rufin, irin wadda ake rataye ledar ƙarin ruwa, gefenta ɗaya a lanƙwashe. Ya yi kwana da kwanaki yana fama da waje, bai taɓa zama inda ta zauna ba.

"Auta, kashe motar."

Ya kashe.

"Ka sani?"

"Na sani, Inna. Bayan na saya na gane."

"Ka yi shiru."

"Na ji tsoro ki koma ɗaki," ya ce.

Ƙofar gefe a buɗe take har yanzu. Inna ta jawo sandarta, ta sauke ƙafa ɗaya a kan mataki. Ƙofar gida na nan kusa, taku kaɗan ne. Matarsa ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya yi motsi.

"Ƙugiyar nan na yi ta kallo ranar," Inna ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Ledar tana lilo, ina kallonta, don na kasa kallon fuskarsa. Har hannunsa ya saki nawa ban sauke ido ba."

Ƙaramar jikar ta matso ta kwantar da kai a cinyarta. Inna ta daɗe a haka, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. Mai Fenti ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana jin kamar ya fasa kuka, babba da shi.

Sannan ta ɗago ƙafar da ƙyar ta mayar ciki, ta ce wa matarsa ta ja ƙofar.

"Tayar, mu je," ta ce. "Ranar nan roƙon direban na yi ta yi ya yi sauri. Kai ka tafi da ni a hankali, ina so in ga hanya."