Ƙasar da na shafe da laka

Shekarun baya, lokacin ina da ƙarfin hawa tsani da kwanon laka a kai, wata tsohuwa Buzuwa ta zauna a gidana nan Illela. Fari ne ya koro ta daga arewa, can inda ciyawa ke ƙarewa rairayi ya fara. Dabbobinsu sun mutu, mijinta ya rasu a hanya, 'ya'yanta biyu ma ƙasa ta rufe su tun ba a kawo kudu ba. Mai ɗakina ce ta gan ta a kasuwa tana sayar da tabarmi, ta tambaye ta inda take kwana, ta ce bakin rumfa. Da yamma sai ga su tare. Na ba ta ɗakin baƙi da ke kusa da zaure, muka riƙa kiran ta Inna.

Ni magini ne. Karatuna bai wuce allo da aji uku na lakwal, wato makarantar boko, ba, amma a kan bango ba na saurara wa kowa. Idan na yi yaɓe, ina so ya fito sumul kamar bayan ƙwarya. Wannan girman kai yana cikin abin da ya ja ni.

Inna ba ta da yawan magana, Hausarta ma a karye take. Idan ta gama saƙa sai ta fita bayan gari ta dawo da ƙulle-ƙulle a bakin zane: jar ƙasa, farar ƙasa, gawayi, wani lokaci ta roƙi ɗan shuni wurin mata. Ta niƙa su, ta kwaɓa da ƙaro, ta ɗauki tsinken kaba ta shige ɗaki. Ni ban taɓa leƙawa ba, ɗakin mace ne. Sai da aka yi wajen shekara shida, ranar da azara ɗaya ta lotsa na shiga dubawa, sannan na ga abin da take yi.

Bangon gabas gaba ɗaya ya cika. Ɗigo ne birjik, ja da fari da baƙi, wasu a jere, wasu sun kewaye juna kamar an jefa dutse a tabki. Akwai layuka masu lanƙwasa da suka ratsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Babu mutum, babu dabba, babu abin da idona ya sani. Na tsaya ina kallo har na manta da azarar, kuma gaskiya abin ya yi mini kyau. Da na tsaya a nan da ban yi nadama ba.

Kuskurena shi ne na kai maganar majalisa maimakon in tambayi mai ita. Wani abokina, wanda ba ya rasa fassarar komai, ya ce in kwatanta masa. Na kwatanta a ƙasa da yatsa. Ya girgiza kai ya ce ai wannan bugun ƙasa ne, haka masu duba suke jera ɗigo, kuma wanda aka rubuta wa irin wannan a bangon gida, ya binciki abin da ke faruwa da shi. Ya tuna mini akuyata da ta yi ɓari, da ciwon bayan da ya kwantar da ni bara. Ni da na san tsani ne ya jawo mini ciwon baya, sai ga ni ina gyaɗa kai.

Ban ce wa Inna komai ba. Ban ce wa mai ɗakina ba, don na san amsar da zan samu. Na jira.

A lokacin idanun Inna sun fara yana, tana lalube kafin ta sami butarta. Mai ɗakina ta ce za ta raka ta asibitin Ƙonni a duba ta, za su kwana biyu wurin 'yar'uwarta. Motarsu na tashi na kwaɓa ƙasa da ciyawa. Na fitar da tabarmar Inna da 'yan kayanta, na yi bisimilla, na shafe bangon daga sama har ƙasa. Kafin azahar na gama. Na ja da baya na duba aikina, ban taɓa yin yaɓe mai kyansa ba. Har na shirya abin da zan faɗa: damina ta kusa, na ga tsaga.

Suka dawo rana ta uku. Likita ya ce idon ya wuce gyara, ɗan hasken da ya rage ma ba zai daɗe ba. Ina zaure na ji Inna ta shiga ɗaki, sai shiru. Na leƙa. Tana tsaye dab da bangon, hancinta kamar zai taɓa shi, tana shafawa da tafin hannu. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Magini, hannunka yana da kyau. Ko tsaga babu."

Ko bakina ban buɗe ba ta ƙwace mini ƙaryar da na tanada.

Mai ɗakina ce ta ja ni bayan rumbu. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita ta sha zama a ɗakin nan Inna tana nuna mata. Da'irorin nan rijiyoyi ne, guda tara, kowace da sunanta. Layukan hanyoyin da suke bi da raƙuma ne. Jan ɗigo tudun rairayi, farin kuwa inda gishiri ke fitowa a ƙasa. Ƙasarsu ce kamar yadda shaho zai gan ta daga sama. Kuma akwai baƙaƙen ɗigo uku, nesa da juna, inda ta bar mijinta da 'ya'yanta. Kowace safiya bayan salla takan ɗora yatsa a kansu ɗaya bayan ɗaya ta yi musu addu'a.

"Malam," in ji ta, "matar da ba ta da kabarin ziyara, shi ma na bango ka hana ta?"

Na yi ƙoƙarin ɓamɓare yaɓen. Duk inda na ɗaga, launin ya biyo lakar. Na sayo wa Inna sabon shuni, na ɗebo jar ƙasa da kaina, na ajiye a ƙofarta. Ta yi godiya, ba ta taɓa ba. Ja da baƙi sun zama ɗaya a idonta. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, gidana ne. Wannan kalma ta "gidana ne" ta fi zagi zafi.

Bayan girbi, ina yaɓen wani rumbu a Tajaye, na ga matar gidan ta zo tana jan yatsu a kan ɗanyar laka tana yin ado, kamar yadda iyayenmu mata suke yi tun da. Na tsaya da laka a hannu. Abin da ido ba ya gani, yatsa yana ji. Na dawo gida na sami Inna na ce mata zan riƙa shafa mata ɗanyar laka kaɗan-kaɗan, ita kuma ta danna da yatsa kafin ta bushe. Ta ce kada in sa ciyawa da yawa, tana soke farce.

Haka muka yi wajen wata biyu. Kullum da hantsi in shafa faɗin faifai, ta zauna ta danna. Tana yi tana faɗa mini sunan wuri, ina maimaitawa, tana yi mini dariya wai harshena ya yi nauyi kamar tubali. Na koyi wace rijiya ce mai ɗaci, wace ce sai an ƙulla igiya biyu. Rijiyoyi tara duk suka dawo. Mijinta ya dawo wurinsa, babban ɗanta ma haka.

Da aka zo kan autanta sai hannunta ya tsaya. Akwai wata aduwa tsakanin rijiya ta shida da ta bakwai, ta kasa tuna ko gabas da ita aka sa shi ko yamma. Lakar ta bushe, na sake shafawa washegari, ta sake bushewa. Na ce mata ta sa ko'ina mana, Allah ya san inda yake. Ta ce:

"Na ba bango ajiya, shi ya sa na sauke daga kaina. Ba ni sa ɗana inda bai kwanta ba. Bar shi haka."

Ta rayu shekara uku bayan nan. Kowace safiya takan taɓa rami biyu, sannan ta shimfiɗa tafinta gaba ɗaya a kan wurin da babu komai, ta rufe gabas da yamma tare.

Abin da ya tayar mini da wannan labari, kwanan baya ɗiyata da ke koyarwa a lakwal ta nuna mini hotuna a waya. Zanen wata tsohuwa ce daga cikin mutanen asali na Ostareliya, wai ita ma 'yar hamada ce, ƙasarsu take zanawa, har ana zuwa kallo daga nesa. Ina karɓar wayar na ce ga ruwa nan, ga hanyar zuwa wurinsa. Ɗiyata ta ce, "Baba, wa ya faɗa maka?" Sai na ɗauko mabuɗin ɗakin baƙi.

Abokina ya rasu tuni, Allah ya jiƙansa, kuma ba na ɗora masa. Shi magana ya yi, ni na kwaɓa laka. Tsakanina da gaskiya taku biyar ne da sallama ɗaya, na gwammace in tafi majalisa.

An sa wa gidan siminti yanzu, ban da bangon nan. Masu shigowa sukan yaba ramukan, sannan su nuna wurin da ke sumul, faɗin tafin hannu, su tambaya ko ba a gama ba ne. Nakan ce musu duk sauran aikin Inna ne. Wannan wurin kaɗai ne nawa.