Yadda Bubayero Ya Ƙwato Gonarsa da Dabarar Siyam

Bubayero mutumin Bauranya bai taɓa harba bindiga ba, amma duk ƙasar Kusada Saje ake ce masa, shi ma bai taɓa gyara wa kowa ba. A shekarar da Turawa suka matsa wa hakimai a kan a kawo samari don yaƙin Bama, ya je kasuwar Kankia sayar da albasa, wani kofur ya ga faɗin wuyansa ya yaba. Damina huɗu ya yi a dajin Bama yana ɗauke da akwatunan harsashi a ka. Jafan ɗin da ya gani ido da ido guda ɗaya ne, shi ma a ɗaure.

Sai dai kunnensa bai yi zaman banza ba. Ya zauna da sojan Indiya, ya ci shinkafa da mutanen Sin, ya dawo gida da ƙasashen gabas duka a bakinsa. In ya zauna gindin tsamiya sai ya zana su a ƙasa da tsinke: ga Indiya, ga Sin, ga Bama a matse tsakaninsu kamar ɗan tsako. Wadda ta fi burge shi Siyam ce. Ya ce a fili ta yi wa Jafan alkawarin taimako, a ɓoye ta riƙa aika wa abokan gāban Jafan labari, aka gama yaƙi ba wanda ya mallake ta.

Gonarsa ta gado ita ma a matse take. Gabas Sada na ƙauyen Boko, yamma Ɗanmusa na nan Bauranya, duk dattawa masu 'ya'ya da baki. Iyakar gona a wurinmu gamba ce, gamba kuwa ana tumɓuke ta a sake dasawa. Kowace damina da Bubayero ba ya nan, gambar gabas ta matso, ta yamma ta matso. Da ya dawo ya je ya duba, matarsa Iyatu ta ce, "To Saje, ga abin da ya rage. In akuya ta kwanta ciki, wutsiyarta na gonar Sada."

"Ki bar ni da su."

"Ka kai ƙara wurin alƙali mana!"

"Da wane shaida? Ƙaramar ƙasa ba ta kai ƙara, Iyatu. Ziyara take kaiwa."

Ranar Laraba ya saka tsohuwar rigarsa ta soja, ya ɗauki goro, sai Boko. Ya durƙusa ya ce, "Baba Sada, ni ba ni da kowa sai kai. Wanga Ɗanmusa ya cinye mini yamma. In ya gama da ni, wa ke gabansa?"

Sada ya ce, "Ni ke nan."

"To ka gani. Ni ne katangarka."

Sada ya rantse zai tsaya masa gaban dagaci, don ya san inda tsohuwar gambar yamma take kamar tafin hannunsa. Ranar Alhamis Bubayero ya kai wa Ɗanmusa irin goron da irin maganar, gabas kawai ya sa a gurbin yamma. Ɗanmusa har da dafa masa kafaɗa, yana cewa dama shi bai taɓa yarda da mutanen Boko ba.

Dagaci ya zo gonar ranar Asabar da hantsi, rabin gari na biye. Kowane dattijo ya iso yana murmushi, yana zaton shi kaɗai ne shaida. Sada ya fara. Ya taka cikin geron Ɗanmusa taki goma sha biyar, ya buga sanda ya ce, "Ranka ya daɗe, nan take tun muna yara."

Ɗanmusa ya ce, "Kai, Sada! Kai ne za ka yi maganar gamba? Taku da ke tafiya kamar ta yi ƙafafu?" Ya ratsa gonar, ya shiga dawar Sada taki ashirin, ya dasa diddige.

"Ashirin? To nawa ban ƙarasa ba!" in ji Sada, ya ƙara gaba.

Haka suka yi ta yi, kowa na ƙara wa Bubayero ƙasa daga gonar ɗan'uwansa, shi kuwa yana tsaye ya sunkuyar da kai kamar maraya. Da dagaci ya gaji ya sa kowa ya dasa gamba inda ɗayan ya nuna, gonar ta fi yadda uban Bubayero ya bar ta da kunya biyar ta kowane gefe.

Iyatu ta matso ta ce a hankali, "Yi shiru, mu tafi."

Ina! Saje ya gyara murya ya ce ƙarin ba nasa ba ne, kuma ƙasashe masu hankali sukan bar fili tsakaninsu wanda ba na kowa ba, don kada iyaka ta taɓa iyaka. A bar kunyoyin nan ba shuka. Dagaci ya yaba, jama'a suka yi kabbara.

Kafin sati biyu masu jakai daga Boko suka gano an buɗe musu hanyoyi biyu masu kyau zuwa kasuwar Kankia. Gonarsa ta dawo cif, ba wanda ya sake taɓa masa gamba, amma jakin da ya wuce ta gabas ya ciji dawarsa, na yamma ya ciji geronsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk ranar kasuwa za ka same shi tsakiyar gona da tsumagiya, yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan, Iyatu na zaune a inuwa tana faɗa masa ta inda na gaba ya ɓullo.