Kitson Zare Ranar Ɗaukar Yara

A unguwarmu ta Nima idan aka ce makaranta, ta allo ake nufi. Ta gwamnati sukuu muke ce mata, kuma mun daɗe ba mu da ita. Ni kaina a unguwar Lagos Town na yi tawa, kullum a ƙasa, tafiya da dawowa. Sai bayan samun 'yancin kai hukumar ilimi ta tuna da mu, ta gina ajujuwa uku kusa da babbar gota, wato kwatar ruwan unguwa, rufin kwano, tagogi ba marfi, aka ce daga Kawukudi zuwa bakin gota duk yaran wannan sukuu ne. Aka ɗauke ni koyarwa ina shekara sha tara, ba don na yi kwalejin malamai ba, sai don cikin malaman babu mai jin Hausa. Ni kuwa na ɗauka ilimina aka hango, har tafiyata ta canza.

A gidan hayarmu akwai wata mai koko, Mma muke ce mata, mijinta Bazabarme ne mai gadin kanti a cikin gari. Suna da 'ya guda, 'yar siririya, mai shegen wayo. In na zauna duba littattafan yara sai ta tsuguna a gabana ta zuba ido. Wata rana na tarar ta cika bangon banɗaki da haruffa, da guntun allina, dukkansu kai a ƙasa, don daga inda take tsugunawa haka take ganinsu. Ran nan na ɗaura niyyar sai ta shiga aji.

Uban ne aikin. Wata huɗu ina gaishe shi ina sako maganar, yana cewa sukuu na 'yan coci ne. Da ya gaji da ni ya ce, "To, Tica, sau ɗaya. In sun ɗauke ta, Allah ya sa albarka. In sun ƙi ta, kar a ƙara yi mini zancen."

Ana gobe ɗaukar yara na ja Mma gefe. Na sha jin abin da malamai ke faɗa a kan yaran Zongo, wato na unguwannin baƙi irin tamu, a ɗakin hutu, suna tsammanin ba na jin yarensu na Twi, kuma abin yana ci mini rai. Na ce, "Mma, ki gyara ta sosai, kar su samu abin faɗa." Iyakar abin da na ce ke nan. Mma ta bar sana'ar ranar, ta kai ta Maamobi wurin makitsiya, aka yi mata kitson zare irin na Sallah, aka naɗe gashin tsaye, aka haɗa kawunan a tsakiyar kai kamar kwando. Da dare suka dawo, ban gani ba sai a sukuu, don ni da sassafe na fita jera benci.

A lokacin babu mai takardar haihuwa a unguwarmu. Yadda ake gane yaro ya isa shiga aji shi ne ya ɗora hannun dama ta saman kai ya taɓa kunnen hagu. Hedimasta na zaune da rajista, ni ina tsaye a gefensa ina fassara, layi ya miƙe har titi, gurbin kuwa bai kai rabin mutanen ba. Da na hango kanta cikin layi na gane kitson zai tare mata hannu. Amma ban motsa ba. Sabuwar tica ce ni, ina tsoron a ce na bar wurina don 'yar gidanmu.

Ta zo, ta ɗaga hannu, kitson ya tokare shi. Ta karkata kai, aka ce ta miƙe. Ta danna kitson da ƙarfi, sabon zare ne, yana jan fata, har ƙwalla ta cika mata ido, yatsun suka tsaya can sama da kunnen. Hedimasta ya ce ta dawo baɗi.

Mma ta kama mini hannu. "Tica, ki gaya mishi yarinyan nan ya kai. Azumi bakwai ke nan da na haife shi. Gashi ne, wallahi gashi ne, bari in kwance."

Na gaya masa. Ba mugun mutum ba ne, daga baya na shekara shida ina aiki da shi. Ya dubi layin, ya ce in ya jira wannan, kowace uwa za ta kawo nata dalilin, ya kira na gaba. Da bakina na faɗa wa Mma da Hausa cewa sai baɗi. Ta zauna a gindin mangwaron sukuu tana warware zaren da haƙori da farce, yarinyar tana kuka. Kafin su gama rajista ta cika. Da yamma na bi hedimasta gida na roƙe shi, ya nuna mini hannuwansa, ya ce takardun sun tafi ofis.

Uban bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Ai na faɗa." Shekara guda Mma tana lallaɓa shi har ya soma sassautowa, sai hukuma ta sake raba unguwanni. Layinmu ya faɗa rabon wata sukuu ta wajen Maamobi wadda a lokacin tushenta kawai aka haƙa. Na je ofis sau uku, sau uku ana ce mini mai sa hannun ya fita. Da aka gama ginin aka dube ta aka ce ta girmi aji ɗaya.

Ta koma kawo kokon uwarta bakin sukuu lokacin tara. In an buga ƙararrawa yara sun shiga, ba ta tafiya, sai ta ajiye bokitin ta tsaya jikin tagar ajina, leɓɓanta suna bin abin da muke karantawa. Na riƙa ɗaga murya, ina rubutu manya-manya a allo, ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. Haka muka yi kusan zango biyu.

Sai aka ce sufeto zai zo, kuma ba a son mai talla ko ɗaya a harabar sukuu daga ranar. Sauran masu tallar sun ji sanarwar da Twi sun kwashe kayansu. Ita ta tsaya, don ba ta ɗauka har da ita ba. Hedimasta ya leƙo ya ce in je in yi mata bayani da yarenmu.

Na fita. Ta ce, "Tica, ai ban shiga ba. Tsayuwa kawai nake yi."

Na ce na sani. Na ɗora mata bokitin a ka, na raka ta har bakin gota, na dawo na ƙarasa darasin da ƙyar.