Yatsun Gwaggo Tafireta

Shekara talatin da ɗaya gwaggona ta yi tana buga takardu a ofis, shi ya sa duk unguwa Gwaggo Tafireta ake ce mata. Da ta yi ritaya sai ta kafa tebur a ɗakin bakin ƙofa, kusa da taga, tana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. In tana bugu ba ta kallon madannai. Kai take kallo, tana tambayarka mutanen gida, yatsu na ta aikinsu.

Wata rana tsohuwar kwamfutarta ta mutu murus. Sabuwar da babban ɗanta ya sayo ta ƙi karɓar manhajar rubutun da ta saba da ita, ita kuwa ta rantse ba za ta koyi wata da furfura ba. Mai gyara na bakin titi ne ya samo dabara. Ya sa mata wata manhaja ta kyauta mai gina kwamfuta a cikin kwamfuta.

"Gwaggo, ta wajen nan ita ce mai masauki," in ji shi, "ta cikin kuma baƙuwa. Tsohon tsarinki zai zauna a ciki kamar an ba shi ɗaki."

"To, Allah ya sa baƙuwar ta san ladabi."

Ashe baƙuwar ba ta san shi ba. Haruffa masu ƙugiya suka fara zubar da ƙugiyarsu. Wani tela ya sa a rubuta wa ƙaninsa cewa ba zai samu zuwa ba, yana da baƙi uku a gida. Takarda ta isa da "baki uku". Ƙanin ya bugo waya yana tambaya da wanne yayan nasa ke cin abinci.

Mun yi dariya har da hawaye, ban da Gwaggo. Mai gyara ya zo ya danna da yatsa ɗaya, ƙugiya ta fito tsaf. Sai ɗanta ya ce, cikin lallashi, "Umma, girma ne. Hannu ma yana gajiya. Ki huta haka nan."

Na ga ta sa hannuwan a cinya tana kallonsu, kuma wallahi sai da zuciyata ta karye. Ban taɓa ganin yatsun nan a zaune ba.

Mai gyara ya gaya mata manhajar da ya sa mata ba ta wani kamfani ba ce, 'yan sa kai ne daga ƙasashe daban-daban ke gina ta, kuma kowa na iya kai musu ƙorafi. Ta rubuta nata kamar wasiƙar ofis, kowane sakin layi da lambarsa. Wanda ya amsa mata, hoton kyanwa ya sa a madadin fuskarsa, don haka ya zama Mai Kyanwa. Ya ce shi bai ga matsalar a wajensa ba, in ba a kawo shaida cikin mako biyu ba za a rufe maganar.

Gwaggo ta ɗauko littafi da biro. Ta buga jimla ɗaya sau ɗari a hankali, ba ƙugiyar da ta ɓace. Ta sake bugawa yadda ta saba, goma sha bakwai suka ɓace. Kwana huɗu tana maimaitawa tana rubuta sakamako. Sannan ta kira ni.

"'Yar nan, zo da wayarki ki ɗauki hannuna."

Na ɗauki bidiyo, muka tura. Washegari da hantsi amsa ta zo. Mai Kyanwa ya ce laifin nasu ne: in aka danna madannai biyu kusan lokaci guda, mai masauki kan miƙa wa baƙuwa na biyun kafin na farkon. Ba su taɓa gani ba, saboda a cikinsu babu mai bugu da irin wannan saurin.

Ya turo gyara ta gwada. Na farko ya sa wa kowane harafi ƙugiya, har waɗanda ba su roƙa ba. Na biyu ya sa baƙuwa ta daskare. Na uku ta buga sau ɗari uku, ko ƙugiya ɗaya ba ta faɗi ba, ta yi tafi ita kaɗai a ɗaki.

Da ɗanta ya zo, ta juya masa allon.

"Karanta. Da ƙarfi, kunnena ma ka san girma ne."

Ya karanta yana sosa ƙeya. An sa ta cikin jerin masu gwaji, kuma Mai Kyanwa na roƙon alfarma: duk lokacin da za su fitar da sabon salo, ta gwada musu da iya saurinta, kamar na bidiyon.

Gwaggo ta kwashe da dariya har tana riƙe tebur.

"Wai iya saurina! Bawan Allah, ai a bidiyon nan lallaɓawa nake yi, don wayar ta samu ta ga yatsun."

Ta ja kujera, ta ce mu matsa mata daga haske.