Jan Katin Sista Glenys

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, ina gyaran shingen tumaki sai Merv Pascoe ya kira ni. Bai ja magana ba. Ya ce, "Des, matata ta tafi da hantsin nan." Na ajiye filaya na zauna a ƙasa. Glenys, shekarunki sittin da bakwai, kuma sankarar hanji ce ta ɗauke ki, cutar da kika shekara ashirin da shida kina ƙwato mutanen Kinbarra daga hannunta.

Duk wanda ya tsufa a garin nan ya san yadda ake yi. Sau ɗaya a wata likita kan zo daga birni a ƙaramin jirgi, ya zura mana kyamara ta ƙasa ya leƙa hanji. Wani lokaci takan kai ƙarshe. Wani lokaci takan maƙale a hanya, don hanjin ya murɗe, ko mutum bai wanke cikinsa da kyau ba. Sai likita ya sunkuyo kan mutum yana cikin magagin allurar barci, ya ce masa ba a gama ba, sai an sake. Ya ɗauki jakarsa ya bi jirgi. Mu kuwa a ba mu shayi da burodi, mu koma gida ba abin da muka riƙe sai burodin.

Ke ce nas ɗin da ta lura da haka. Kika yanyanka jan kwali kika rubuta "Ba a gama ba", kina maƙala wa mutum a gaban riga da fil, kamar tunkiyar da aka sa wa alama a kunne. Kuma ba a nan kike tsayawa ba. Mai ƙarfi ki nema masa ranar da za a sake. Tsohon da jikinsa ba zai ɗauka ba ki tsare likita sai ya tura shi hoton na'ura. Wadda ta sha zafi ta rantse ba za ta koma ba, ki je har kicin ɗinta ki zauna.

Nawa katin a aljihun mota na jefa shi. Bayan wata biyu, muna tsakiyar askin tumaki, sai ga motarki a ƙofar rumfa.

"Desmond Hartigan, ina jan katina?"

"Sista, ai likita ya ce inda ya gani fes yake."

"Inda ya gani. Kai in ka aske rabin tunkiya sakin ta kake yi ka ce an gama?"

"Ruwan wankin cikin nan naku ko karena ba zai sha ba."

"Karenka ya fi ka hankali, shi ya sa ba wajensa na zo ba."

Masu aski suka yi ta dariya, ni kuwa na sha ruwan, kwana biyu cur. A bayan lanƙwasar da kyamara ta tsaya a karon farko aka ciro tsiro mai girman babban yatsa. Shekara sha huɗu ke nan. Jikokina huɗu duk bayan wannan aka haife su.

Da kika ajiye aiki an yanka kek, an yi jawabi, an ce daga yau kwamfuta ce za ta riƙa tura wa marasa lafiya saƙo. Har da ni a masu tafi. Ban dai taɓa ganin kwamfutar a ƙofar rumfar aski ba.

Bayan shekara biyu aka ga jini a gwajin bayan gidanki. Aka zura kyamara, ta tsaya a tabon wani tsohon aikin tiyata. Aka ce za a neme ki. Asibitin nan ya ɗauka na birni ya ba ki rana, na birni ya ɗauka na nan ya bayar. A kwamfuta kuwa an rubuta an yi gwaji, don ba ta da gurbin rubuta an yi rabi. Sau uku kina kira ana ce miki kina kan layi. Merv ya roƙe ki ki yi wa tsofaffin abokan aikinki magana, kika ce masa ba ki taɓa tsallakar da kowa a layi ba, ba za ki fara a kanki ba. Wata sha uku kina jira. Da aka duba, abin yana nan kamar yatsa uku gaba da inda aka tsaya, kuma ya riga ya kai hanta. Wasiƙar ban-haƙurin da suka aiko ko sunan mijinki ba su rubuta daidai ba.

Ina jin haushinsu. Ke ma ina jin haushinki, da wannan taurin kan naki. Amma wanda ya fi ci mini rai namu ne. Mu fiye da ɗari muka taɓa yawo da jan katinki a ƙirji, ba ɗayanmu da ya tada mota ya je ya tambaye ki ko an gama naki.

Zuwana na ƙarshe kin rame har ban so in kalle ki. Kika tambaye ni gwajina na bana. Na ce shi ma bai kai ƙarshe ba, ina jiran saƙo. Kika sa 'yarki Raelene ta lalubo ragowar kwali a durowa, kika rubuta mini jan kati da hannunki. Kika ce, "Tsohon banza, kada ka yi irin haƙurina."

Washegarin da muka binne ki na maƙala katin a riga na tafi asibiti. Matar da ke kan tebur ta ce, "Baba, za a turo maka saƙo." Na ce na ji, a nan zan jira shi. Na zauna tun safe har suka ci abincin rana a gabana. Sun ba ni uku ga Yuni.

Allah ya jiƙan ki, Glenys, ya yafe miki kurakuranki, ya hutar da ke hutun da ba ki ba kanki ba. Merv, Raelene, da sauran dangi, Allah ya ba ku juriya, ya sanyaya zukatanku. Ni ba zan ce muku ku manta ba. Katin yana jikin rigata, kuma ba zan cire shi ba sai likita ya gaya mini, idona biyu, cewa ya kai ƙarshe.

Desmond Hartigan, Kinbarra